Haɓar da Take Zamewa Hagu

Hoton Sallah ne ya fara tona maganar. An ɗauke shi a harabar Babban Masallacin Ƙasa da ke Kawukudi, kuma duk wanda ya duba sai ya ce fuskar 'yar ƙanwata, mai shekara 8, ta karkace. Kakarta da ke Nima ta ce iska ce ta buge ta. Wata maƙwabciya ta ce shanyewar ɓarin fuska ce. Sai dai yarinyar tana rufe idanunta duka biyu, murmushinta kuma daidai yake, abin da mai shanyewar fuska ba ya iyawa.

Uwarta ce ta lura da abin da ya fi ɗaure kai. Idan yarinyar ta yi hamma, haɓar tana tsakiya cak. Da ta haɗa haƙora, sai ta zame hagu. Ƙashin da ya tanƙware ba ya miƙewa don an buɗe baki. Ashe wani abu ne yake ture muƙamuƙin a daidai lokacin cizo.

A sashen haƙori na asibitin Korle Bu, likita ta duba hannu kafin baki. Ga kanta a babban yatsa.

"Hajiya, da dare tana tsotson yatsa?"

"Tun tana goye, likita. Ga minshari, baki a buɗe."

Nan zaren ya haɗu. Harshe ne yake tokare ganɗa daga ciki, ya sa ta yi faɗi yayin da yaro yake girma. Yatsa da numfashi ta baki suna sauke harshen ƙasa, kumatu kuma suna matsowa, sai muƙamuƙin sama ya tsuke. Turamen sama, waɗanda ya kamata su rufe na ƙasa kamar murfi a kan tukunya, sai su yi karo da su kai da kai. Yarinyar tana kauce wa karon ne ba tare da ta sani ba, ta tura muƙamuƙi hagu don ta samu taunawa. In aka bar shi shekaru, ƙashin yana iya bin wannan karkatar ya zauna a haka.

Aka manna mata wani ƙarfe a turamen sama, mai ɗan sukurori a tsakiyar ganɗa. Kullum uwar takan sa makulli ta juya sau ɗaya, abin da bai wuce rubu'in milimita ba. Aka kuma tura su wajen likitan hanci saboda minsharin.

Kafin mako biyu, sai ga wushirya a bakin da bai taɓa yin ta ba. Kaka ta yi guɗa, uwa ta tsorata. Wannan ma da dalilinsa: ganɗar yaro ƙashi biyu ce da ɗinki a tsakiya, wanda ba ya gama haɗewa sai an wuce balaga. Ɗinkin ne ya buɗe. Wani likitan haƙori a Amurka, Emerson Angell, ya ba da rahoton irin wannan giɓin tun 1860 a bakin yarinya 'yar shekara 14, likitocin zamaninsa da dama suka ƙi yarda.

Ƙarfen ya zauna wasu watanni bayan an daina juyawa, don sabon ƙashi ya cike gurbin. Haɓar ta daina zamewa, wushiryar ta rufe da kanta. Kaka har yau tana ganin an yi wa jikarta asarar ado.