Amos a Betel: Wa Ake Yi Wa Gargaɗin Hukunci?

A cikin Tsohon Alkawari, wato kashin farko na Littafi Mai Tsarki, akwai littattafan annabawa waɗanda mafi yawan abin da ke cikinsu gargaɗi ne game da hukuncin Allah a kan birane da sarakuna da al'ummai, kuma su ne sassan da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Jama'a da dama sun ɗauka cewa annabci shi ne faɗin abin da zai faru gobe, alhali aikin annabi a waɗannan littattafai shi ne isar da saƙon Allah ga mutanen zamaninsa game da halin da suke ciki, abin da ya faɗa a kan gaba kuwa yakan zo ne a matsayin abin da zai biyo baya idan suka ƙi sake hali. Littafin Amos, mai surori 9 kacal, yana nuna wannan a fili, yana kuma tona wata cuta da ke kama masu sauraron wa'azi, wato jin gargaɗi a madadin maƙwabci.

Amos makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure, mutumin Tekowa, wani ƙauye da ke kimanin kilomita 16 kudu da Urushalima. Ya yi annabci wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da jikokin Yakubu suka riga suka rabu gida biyu, Yahuza a kudu ƙarƙashin sarki Uzziya, Isra'ila kuma a arewa ƙarƙashin Yerobowam na biyu, wanda ya yi shekara 41 a kan gadon sarauta. Zamani ne na wadata, domin daular Assuriya ta ɗan yi sanyi, Dimashƙu ta raunana, hanyoyin fatauci sun buɗe, masu hannu da shuni kuwa sun gina gidan rani daban da na hunturu. Masu tonon kayan tarihi da suka yi aiki a kufan Samariya, babban birnin Isra'ila, tsakanin 1931 da 1935 sun tono ɗaruruwan gutsattsarin hauren giwa da aka sassaƙa domin ƙawata gadaje da kujeru, irin kayan alatun da littafin ya ambata. Ga al'ummar da take ganin arzikinta shaida ce ta yardar Allah aka aiko wannan baƙo ɗan kudu.

Yadda ya buɗe wa'azinsa abin dubawa ne da kyau. Ya fara da Dimashƙu, wadda ya zarga da tattake mutanen Gileyad ba tausayi, sa'an nan Gaza da Taya, waɗanda suka kwashe garuruwa ɗungum suka sayar da mutanensu bayi, ya gangara kan Edom, ya wuce kan Ammonawa da suka farke cikin mata masu juna biyu don faɗaɗa iyakarsu, ya kai ga Mowab da ta ƙone ƙasusuwan sarkin Edom. Ba wuya a iya hasashen yadda masu sauraro suka riƙa gyaɗa kai, domin dukan waɗannan abokan gaba ne ko abokan hamayya, har Yahuza da ta zo ta bakwai ba ƙawarsu ba ce. Da yake bakwai adadi ne na cika a al'adarsu, mai yiwuwa sun zaci an kai ƙarshe, sai ga ta takwas, Isra'ila kanta, kuma tuhumar da aka yi mata ta fi ta kowa tsawo. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a kan wannan tudun ne Amos ya bar mutanen suka hau kafin ya nuna musu abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Tawali'u, wato mutum ya san matsayinsa a gaban Allah ba tare da ya kumbura kansa ko ya raina ɗan'uwansa ba, yana farawa ne daga yarda cewa zancen nasa ne.

Abin mamaki, laifuffukan da aka lissafa wa Isra'ila ba na fagen yaƙi ba ne kamar na maƙwabtanta, na kasuwa ne da na gaban shari'a. A lokacin ba a fara buga tsabar kuɗi a ƙasar ba, saboda haka mai saye yakan biya da guntayen azurfa da ake aunawa a ma'auni da dutsen shekel, mai nauyin kimanin giram 11, hatsin kuma a auna masa da efa, ma'aunin da yake cin kimanin lita 22. 'Yan kasuwar da Amos ya tona wa asiri suna rage girman efa, suna kuma ƙara wa dutsen shekel nauyi, ta yadda talaka zai karɓi hatsi kaɗan ya biya azurfa mai yawa, an cuce shi sau biyu a ciniki guda, bayan haka kuma hatsin da aka zuba masa a buhu gauraye yake da sharar masussuka. Duk wanda ya taɓa ganin mai awo da mudun saye daban, na sayarwa daban, ko ya buɗe buhun gero ya tarar da ƙaiƙayi da tsakuwa a tsakiya, ya san cewa algus ba sabon abu ba ne. Waɗannan mutane suna kiyaye Asabar, ranar hutun da doka ta hana ciniki a cikinta, amma suna ƙagara rana ta faɗi su buɗe rumfa. Ana sayar da mabukaci bawa a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Dokar Musa ta ce wanda ya karɓi mayafin talaka jingina ya mayar masa kafin faɗuwar rana, domin da shi yake rufa da dare, su kuwa sai su riƙe mayafin su shimfiɗa shi a gefen bagade, wato wurin miƙa hadaya, su kishingiɗa a kai. A ƙofar gari kuma, inda dattawa ke zaman shari'a, toshiyar baki ce ke yanke hukunci.

Duk da haka wuraren sujada na Betel da Gilgal cike suke, ana kawo hadayu da ushiri, ana raira waƙoƙi da molaye, har mutanen suna ɗokin zuwan abin da suke kira ranar Ubangiji, ranar da suke sa rai Allah zai hukunta maƙiyansu ya ɗaukaka su. Amos ya shaida musu cewa ranar duhu za ta zame musu, Allah kuma ya ƙi bukukuwansu muddin babu adalci a bayansu. Ya rushe tinƙahon da suke yi da zaɓen da Allah ya yi musu, yana nuna cewa kusanci da Allah ƙarin alhaki ne, har ya jera su da mutanen Kush, ƙasar da ke kudu da Masar a inda Sudan take a yau, ya kuma tuna musu cewa wanda ya fito da su daga Masar shi ne ya kawo Filistiyawa da Suriyawa ƙasashensu. Kirista mai ganin baftismarsa ko kujerarsa ta dattijo a ikkilisiya ta zame masa garkuwa daga bincike yana tsaye ne daidai inda mutanen Betel suka tsaya.

Amaziya, firist na Betel, bai tsaya tambayar ko zargin gaskiya ne ba. Ya aika wa sarki cewa ana ƙulla masa makirci, sa'an nan ya kori Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, domin a ganinsa annabci sana'a ce kamar kowace sana'a. Amos ya amsa cewa shi daga bayan garke aka ɗauko shi. Abin da masu karatu kan tsallake a sura ta 7, inda wannan labarin yake, shi ne cewa sau biyu aka nuna wa Amos wahayin halaka, na fara da na wuta, sau biyu kuma ya roƙi Allah ya yi wa mutanen jinƙai saboda ƙanƙantarsu, aka kuwa janye masifar. Mai wa'azin da yake lasar baki sa'ad da yake kwatanta azabar da za ta auka wa wasu bai gaji wannan hali ba.

Wannan janyewa ita ce ta bayyana dalilin da ya sa ake yin gargaɗin tun farko. A littafin Irmiya, sura ta 18, an shimfiɗa ƙa'idar cewa al'ummar da aka yi wa shelar halaka, idan ta juyo daga muguntarta, za a ɗage mata hukuncin, haka kuma dattawan Yahuza suka tuna cewa annabi Mika ya taɓa yin shelar rushewar Urushalima a zamanin sarki Hezekiya, sarkin ya ƙasƙantar da kansa, birnin ya tsira a wancan ƙarni. Nineba, babban birnin Assuriya, an ba ta wa'adin kwana 40 ta bakin Yunusa, ta tuba tun daga sarki har talaka, wanda ya fusata da ganin an yafe mata kuwa annabin ne da kansa. Tuba a wannan ma'ana ta wuce nadama da hawaye a gaban majami'a, domin ta ƙunshi barin laifin da mayar da abin da aka ci. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko a Bisharar Luka, ya ba da rabin dukiyarsa ga matalauta, ya kuma ɗauki alkawarin biyan wanda ya cuta riɓi huɗu. Ga mai awo, hakan na nufin ya fasa mudun ƙarya, ga mai riƙe da gonar marayu kuma ya mayar da ita tun yana da rai. Tubar kakanni ma ba ta zama gado, domin Nineba ta koma halinta, Nahum ya yi annabci a kanta, Babiloniyawa da Mediyawa kuma suka rushe ta a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, kufanta na nan a hayin kogin Tigris daura da birnin Mosul na Iraƙi.

Akwai hanyoyi biyu da ake karkatar da irin wannan annabci a yau, kuma ya kamata jama'a su farga da su. Ta farko ita ce ɗaukar bala'in da ya auka wa wasu, ambaliya ce ko annoba ko gobarar kasuwa, a matsayin shaidar cewa sun fi kowa zunubi, ra'ayin da Yesu ya ƙi amincewa da shi sa'ad da ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, ya mai da maganar kan bukatar masu sauraronsa su tuba. Ta biyu, wadda ta fi ɓarna, ita ce sa wa hukunci rana. Wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya sanar cewa ranar shari'a za ta zo a 21 ga Mayu, 2011, wasu mabiyansa suka bar aiki suka ƙarar da ajiyarsu, ranar ta zo ta wuce. A Kanungu ta ƙasar Uganda kuwa, ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya da aka sa su sayar da kayansu don jiran ƙarshen duniya sun ƙone a cikin gini a 17 ga Maris, 2000. Duk inda aka haɗa tsoratarwa da tsayar da rana da neman a kawo dukiya ga shugaba, an saɓa wa koyarwar Bishara cewa ba mutumin da ya san ranar.

Amos dai bai sa rana ba, abin da ya faɗa kawai shi ne cewa za a kwashe mutanen Isra'ila bauta zuwa can gaba da Dimashƙu. An bar wa Isra'ila kusan shekara 40 bayan wa'azinsa, a cikinsu Tiglat-filesa na uku ya hau gadon Assuriya a shekara ta 745 ya farfaɗo da ƙarfinta, sarakunan Isra'ila kuma suka shiga kashe juna a kan mulki. Samariya ta faɗi a shekara ta 722 bayan an kewaye ta da yaƙi shekara 3, kuma Sargon na biyu, sarkin Assuriya, ya sa an rubuta a tarihin mulkinsa cewa ya kwashe mutum 27,290 daga cikinta, ya zaunar da baƙi daga wasu ƙasashe a madadinsu.