Kowace ganga da zamaninta: Agadas a hannun masu sinima

A shekara ta 1990 aka fito da fim ɗin Bernardo Bertolucci, mutumin Italiya, wanda aka sani da Faransanci da sunan "Un thé au Sahara". An ɗauki wani sashensa a tsohon garin Agadas, har cikin gidan nan mai ado da ake kira gidan mai burodi. Labarin na wasu Amurkawa ne uku da suka shigo hamada daga arewa a shekara ta 1947. Katangun da aka gani na Agadas ne, amma kiɗan daga nesa ya zo. Ryuichi Sakamoto na Japan da Richard Horowitz na Amurka ne suka tsara shi, kuma a faifan kiɗan fim ɗin akwai waƙar gargajiya ta ƙasar Burundi, da wata ta Chaba Zahouania, mawaƙiyar Aljeriya, wadda a 1947 ko haihuwarta ba a yi ba.

Mai kallo a Turai ba zai lura ba. Mutumin Abzin kuwa zai lura, domin a nan kayan kiɗa ba tarkace ba ne da ake ɗauka a cika hoto. Kowace ganga tana da mai ita, da ranar fitarta, da zamanin da ta bayyana.

A fara da tambari, wanda Abzinawa ke ce wa attabal. Ganga ce babba ta sarauta, ba a kaɗa ta don rawar biki. A da, da ita ake kiran mayaƙa, da ita ake sanar da tashin zango ko naɗin shugaba. Darajarta ta kai har sunanta ya zama sunan dukan ƙabilun da ke ƙarƙashin sarki guda, kuma wanda aka ƙwace wa tambari a fagen fama, an ƙwace masa iko ke nan. To, duk wanda zai shirya fim a kan yaƙin Kawusan da Sarkin Abzin Tagama, lokacin da aka kewaye sojojin Faransa a Agadas daga watan Disamba 1916 zuwa watan Maris 1917, tilas ya san hannun da zai ɗora a kan wannan ganga. Idan ya ba yaro ita yana wasa a bakin kasuwa, ya ɓata labarin tun kafin a harba bindiga.

Tinde dabam take. Turmi ne na daka hatsi, a rufe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, a ɗaure gefen fatar da taɓare biyu, mata su zauna a kansu don fatar ta miƙe. Ana kiɗa ana yayyafa ruwa, mata na waƙa da tafi, samari na kewaya su bisa raƙuma. In an tashi, a kwance fata, turmi ya koma aikinsa. Masu ɗaukar hoto suna son tinde ƙwarai, suna nuna ta kamar tun farkon duniya take. Alhali masu binciken kiɗan Abzinawa sun nuna cewa yaɗuwarta abin ƙarni na 20 ne. Ke nan fim a kan ƙarni na 16, zamanin da aka fara gina hasumiyar babban masallaci, bai kamata ya jingina da ita ba sai da hujja.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na jembe. Wannan ganga ta Mandinkawa ce, ta Gine da Mali, kuma ta zagaya duniya ne tun shekarun 1950 tare da ƙungiyar rawa ta Fodeba Keita. Daga nan masu sinima da telebijin suka mai da ita muryar Afirka baki ɗaya: da an nuna rairayi ko raƙumi, sai a ji jembe. Yau akwai ta a Agadas, samari suna kaɗa ta tare da gitar, amma baƙuwa ce ta kwanan nan. Har jikinta yana faɗin shekarunta, domin zoben ƙarfe da igiyar nailan da ake ɗaure ta da su ba su bayyana ba sai wajen shekarun 1970. Kafin nan da tsirkiyar fata ake ɗauri.

Haka abin yake ga gangunan Turawa da ake jerawa mutum ɗaya ya kaɗa da hannu da ƙafa, waɗanda aka fi sani a nan da sunan bateri. Su ma suna da tarihi a rubuce. Abin takawa na babbar gangar, kamfanin Ludwig na Amurka ne ya fito da irinsa na zamani a 1909. Fayafayan tagulla biyu masu haɗuwa idan an taka sun bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Fuskar roba ta fara maye gurbin fatar maraƙi wajen 1957. Saboda haka idan an nuna gidan rawa na zamanin mulkin mallaka, a 1947 misali, aka ga ganga mai fuskar roba, to an yi aron abin da bai zo ba tukuna.

A Agadas bateri ya fi haka jinkiri. Kiɗan gitar na Abzinawa, irin na Abdallah Oumbadougou, ya fara yawo ne cikin kaset, hannu zuwa hannu, tafi ne rakiyarsa, ko a buga jarka. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afirilu 1995 ya fito fili sosai, ya shiga bukukuwan aure. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, da aka kafa a wannan shekara, ta fara ne da gitar guda marar lantarki, gangarta kuwa ƙwarya ce ana bugunta da takalmi. Wanda zai ba da labarin samarin 1990 ya zaunar da su gaban bateri mai ƙyalli, ya share wahalar da suka sha, kuma ita ce rabin labarin.

Akwai waɗanda suka yi daidai. Fim ɗin "Akounak Tedalat Taha Tazoughai" na 2015, wanda Christopher Kirkley ya shirya a Agadas tare da makaɗi Mdou Moctar, labarin zamaninsa ne, makaɗan ciki kuma makaɗa ne na gaske, don haka bateri da gitar lantarki suna wurinsu. Tun a 1971 ma, a Simiri ta Zarmaganda, Jean Rouch ya ɗauki "Tourou et Bitti", ɗan gajeren fim mai ɗauke da sunan tsofaffin ganguna biyu. Bai kawo kome daga waje ba. Ya shiga fili da na'urarsa, ya bar masu gangunan suka yi aikinsu, ɗauka guda ba yankewa.

Abin damuwa shi ne yara. Da yawansu a telebijin da wayar hannu suke fara ganin tarihin Abzin, kuma abin da ido ya gani cikin fim ya fi na littafi zama a zuciya. Tun da aka sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, an ƙara kula da katangu da ƙofofi. Ya kamata ma'aikatan da ke ba da izinin ɗaukar fim su riƙa tambaya a kan ganguna kamar yadda suke tambaya a kan gine-gine.

Waɗanda za a tambaya ba su da nisa. Makaɗan fadar Sarkin Abzin suna nan. Kowace shekara kuma, idan watan Muharram ya kama, bikin Biyanu yana fito da manyan tambura da ƙananan gangunan hannu da ake kira akanzam. Ƴan gabas da ƴan yamma sukan tafi Alarsas su kwana, washegari su dawo gari da ganyen dabino, ana kiɗa tun daga can har ƙofar fada.