Yadda Direbobin Tseren Motoci na Formula 1 Suke Tsira Daga Gobara

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan matakan da ake ɗauka don kare rayukan direbobi a gasar tseren motoci da ake kira Formula 1, musamman idan mota ta yi haɗari ta kama da wuta. Gasar nan ita ce mafi girma a fagen tseren motoci, an kuma fara ta a matsayin gasar duniya a shekarar 1950. Hukumar da take shimfiɗa mata dokoki ana kiranta FIA, hedikwatarta tana birnin Faris. Motocin gasar na mutum ɗaya ne, ba su da rufi, kuma sukan yi gudun da ya wuce kilomita 300 a awa. Da yake yawancin bayanin ya danganci ɗan gajeren lokaci ne, an zaɓi kalmar "sakan" a nan a maimakon "daƙiƙa", domin wasu masu magana da Hausa suna nufin minti ne in sun ce daƙiƙa, kamar yadda abin yake a Larabci.

Zamanin da wuta take cin direbobi

A shekarun 1960 direba kusan a tsakiyar man fetur yake zaune. Tankunan mai na ƙarfe ne mara kauri, an jera su dama da hagu da kujerarsa, saboda haka da zarar mota ta bugi wani abu sai tanki ya fashe, mai ya malala a kan inji mai zafi. A gefen hanya kuwa dammunan ciyawa ake jerawa wai don su tare mota, alhali kowa ya san abin da ke tsakanin busasshiyar ciyawa da wuta. Abin da ya sami Lorenzo Bandini ke nan, direban Ferrari, a Monako a shekarar 1967: motarsa ta kife a cikin dammunan ta kama da wuta, ya rasu bayan kwana 3. Shekara ɗaya bayan haka Jo Schlesser ya mutu a Rouen ta ƙasar Faransa cikin wata motar Honda da aka ƙera jikinta da maganiziyam, wato wani ƙarfe mara nauyi wanda in ya kama da wuta ruwa ba ya kashe shi.

Mutumin da ya fara ɗaga murya sosai a kan wannan hali shi ne Jackie Stewart, ɗan Sikotilan. A 1966 ya yi haɗari a filin Spa na ƙasar Beljiyam, sitiyari ya danne shi, mai ya jiƙe shi sharkaf, ya zauna haka kusan minti 25. Babu ma'aikacin ceto ko ɗaya a kusa. Abokan tserensa biyu, Graham Hill da Bob Bondurant, su ne suka ari sifana a hannun wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin suka fitar da shi. Daga ranar Stewart ya riƙa liƙa sifana a cikin motarsa, ya kuma shiga neman a gyara filaye a tanadi likitoci. Da yawa daga cikin masu sha'awar gasar sun ɗauke shi matsoraci a lokacin, duk da cewa ya ci kambun duniya har sau 3.

Haɗarin da ya fi nuna irin sakacin zamanin shi ne na Roger Williamson a Zandvoort ta ƙasar Holan a 1973. Motarsa ta kife ta kama da wuta, shi kuwa bai ji wani mummunan rauni ba, yana da rai a ciki. Wani direba mai suna David Purley ya tsayar da tasa motar ya ruga da gudu, ya yi ta ƙoƙarin juya motar shi kaɗai. Ma'aikatan gefen hanya suna tsaye ba su da tufafin da za su kusanci wuta da su, abin kashe gobara guda ɗaya da Purley ya karɓa ya ƙare ba tare da ya yi wani tasiri ba, sauran motoci kuma suna ta wucewa don ba a dakatar da tseren ba. Williamson ya mutu saboda rashin iska, duniya tana kallo a talabijin. A nan akwai wani abin lura: sau da yawa ba ƙuna ce take kashe direba ba, hayaƙi ne da ƙarewar iskar shaƙa. Haka aka yi da Jo Siffert a Ingila a 1971, haka kuma da Elio de Angelis a Faransa a 1986, wanda ya mutu sakamakon haɗari a wurin gwajin mota inda ba a tanadi isassun ma'aikata ba.

Niki Lauda, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya tsira. Ranar 1 ga Agusta 1976 motarsa ta Ferrari ta bugi gefen hanya a Nürburgring ta Jamus, filin da tsawonsa ya haura kilomita 22, wanda Lauda da kansa ya nemi a ƙaurace masa saboda babu yadda za a yi masu ceto su isa ko'ina cikin lokaci. Direbobi 4 ne suka tsaya suka ciro shi: Arturo Merzario da Brett Lunger da Guy Edwards da Harald Ertl. Ya ƙone a kai da fuska, ya rasa yawancin kunnensa na dama, iska mai guba kuma ta lalata masa huhu, har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar bankwana. Bayan mako 6 ya koma tsere a Monza ya zo na 4. Tun daga wannan shekara Formula 1 ba ta sake amfani da tsohon filin ba.

Matakan kariya

Gyaran bai zo lokaci ɗaya ba, kuma kusan kowane mataki sai da aka yi asarar rai kafin a ɗauke shi. Mafi muhimmanci ta fuskar gobara shi ne tanki. A yau tankin motar tsere wata irin jaka ce ta roba da aka ƙarfafa da zaren Kevlar, wanda da shi ake yin rigar sulke ta sojoji. Jakar tana lanƙwasa ba ta fashewa da sauƙi, an ajiye ta a wuri ɗaya tsakanin bayan direba da inji, bututun da suke fita daga cikinta kuma suna da bakin da yake rufe kansa idan ya tsinke. An kuma hana ƙara mai a tsakiyar tsere tun 2010. Masu kallo ba su manta da wutar da ta lulluɓe Jos Verstappen a Jamus a 1994 ana cikin zuba masa mai ba, ko da yake tsadar kayan aikin ma tana cikin dalilan hanin.

Sai kuma akwatin da direba yake zaune a ciki. A 1981 kamfanin McLaren ya fito da motar da aka gina gangar jikinta da zaren kabon, wanda ya fi ƙarfe ƙarfi idan aka yi la'akari da rashin nauyinsa. Sauran sassan mota, kamar hanci da fikafikai da ƙafafu, an tsara su ne don su farfashe su shanye ƙarfin bugu, amma akwatin nan dole ne ya zauna lafiya. Wannan ne ya sa motar da ta yi kaca-kaca a idon mai kallo sau da yawa ta yi aikinta ne daidai.

Tufafin direba ana ɗinka su da wani yadi mai suna Nomex, wanda ba ya narkewa kuma ba ya riƙe wuta. Riga da wando a haɗe suke, a ƙarƙashinsu akwai 'yar ciki da safa da hular da take rufe fuska ban da ido, sannan safar hannu da takalmi da kwalkwali. Kada a ɗauka cewa tufafin nan suna hana ƙuna kwata-kwata. Aikinsu shi ne jinkirta isowar zafi ga fata na sakan 10 da 'yan kai, wato lokaci suke saya wa direba. Saboda haka ne doka ta ce dole kowane direba ya nuna cewa zai iya kwance ɗamara ya cire sitiyari ya fita daga mota cikin sakan 7 kafin a ba shi izinin shiga gasa.

Ɓangaren likitoci kuwa sunan mutum ɗaya ya mamaye shi, wato Farfesa Sid Watkins, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa daga Ingila da aka ɗauka aiki a 1978. A cikin wannan shekara aka yi mummunan haɗari a Monza wanda ya zama ajalin Ronnie Peterson, 'yan sanda kuma suka tare Watkins suka hana shi isa wurin da wuri. Daga nan ya dage sai an tanadi asibiti da jirgi mai saukar ungulu a kowane fili, kuma sai motar likita ta bi bayan motocin tsere a zagayen farko, domin a lokacin ne motoci suke cunkushe, haɗari ya fi yawa. Amfanin horar da ma'aikata ya bayyana a Imola ta Italiya a 1989, inda motar Gerhard Berger ta bugi bango ta kama da wuta, aka kashe wutar cikin abin da bai kai minti guda ba. Tsere ɗaya kawai ya rasa.

Haɗarin Baharain na 2020

Duk waɗannan matakai an jarraba su a lokaci ɗaya ranar 29 ga Nuwamba 2020 a ƙasar Baharain. A zagayen farko, bayan kwana ta 3, motar Romain Grosjean ta ƙungiyar Haas ta gogi ta Daniil Kvyat, ta kauce ta nufi shingen ƙarfe da gudun kilomita 192 a awa. Binciken FIA ya nuna cewa ƙarfin bugun ya kai ninki 67 na nauyin jiki. Ma'ana, mutum mai kilo 70 zai zama tamkar mai kilo 4,690 na ɗan ƙiftawar ido. Motar ta rabu gida biyu: inji ya tsaya a gefen hanya, akwatin direba kuma ya huda shingen ya maƙale a ciki. Murfin tanki ya ɓalle, bututun mai ya tsinke, kuma da yake farkon tsere ne tankin cike yake da mai kimanin kilo 100. An shafe fiye da shekara 30, tun haɗarin Berger, ba a ga irin wannan wuta a gasar ba.

Abin da ya fara ceton Grosjean shi ne wani ƙarfe da ake kira halo, wanda aka wajabta a 2018. Wani baka ne na titaniyam mai kimanin kilo 7 da ya kewaye kan direba, da ginshiƙi ɗaya a gaba, yana kuma iya ɗaukar nauyin kusan tan 12. An gaggauta binciken kare kai ne bayan haɗurra da dama, ciki har da na Jules Bianchi a Japan a 2014, wanda ya rasu a 2015. Da aka kawo halo direbobi da 'yan kallo da yawa sun ƙi shi, wasu suka ce ya munana mota, wasu suka ce zai hana direba fita in wuta ta tashi. Grosjean yana cikin masu adawar. A Baharain ƙarfen nan ne ya buɗe shingen ya ture shi sama, ba don haka ba da kansa ne zai fara haɗuwa da shi. Yana kwance a asibiti ya fito fili ya ce ya canza ra'ayi.

Da yake bai suma ba, shi ya fitar da kansa. A nan ma wani abu ya taimaka, wato abin tallafar wuya da ake kira HANS, wanda aka wajabta a 2003, yake ɗaure kwalkwali da kafaɗa don kada kai ya fizgu gaba. Ya yunƙura zai tashi ya ji wani abu ya tare shi ta sama, ƙafarsa ta hagu kuma ta maƙale. Ya fizge ƙafar ya bar takalmin a ciki, ya karkata jiki ya sami kafa, ya dafa ƙarfe mai zafi da hannuwansa ya miƙe. Daga baya ya bayyana cewa Lauda ya faɗo masa a rai a wannan lokaci, haka ma 'ya'yansa. Motar likita, wadda Alan van der Merwe yake tuƙawa, ta iso cikin sakan 11. Dakta Ian Roberts ya umarci wani ma'aikaci ya fesa abin kashe gobara daidai wurin kujera, wutar ta ɗan ja baya, ya kama Grosjean yana tsallake shinge. Tsakanin bugun da fitowarsa sakan 27 ne zuwa 28.

Idan aka kwatanta da na Williamson, bambancin ba a ƙarfin wuta yake ba, wutar Baharain ma ta fi tsanani. Bambancin shi ne akwati bai karye ba, direba yana cikin hayyacinsa, tufafinsa sun jure, an dakatar da tseren nan take, masu ceto kuma suna da kaya da horo. Duk da haka bai kamata a kira abin nasara cikakkiya ba. Shinge bai kamata ya tsage ya haɗiye mota ba, tanki kuma bai kamata ya zubar da mai ba, kuma rahoton FIA ya ambaci duka biyun cikin abubuwan da za a sake dubawa.

Raunin da Grosjean ya samu shi ne ƙuna a bayan hannuwansa biyu, musamman na hagu. Dalili kuwa safar hannu ta fi sauran tufafin rashin kauri, don direba yana bukatar ya ji sitiyari da maɓallansa a yatsunsa. Bayan haɗarin FIA ta sa aka ƙera sababbin safofin da suka fi jure zafi a bayan hannu, aka fara gwada su a 2021. Grosjean bai sake shiga tseren Formula 1 ba, Pietro Fittipaldi ne ya maye gurbinsa a tsere 2 da suka rage a kakar. A 2021 ya koma gasar IndyCar ta Amurka, inda a watan Mayu ya zo na 2 a wani tsere da aka yi a Indianapolis.