Ziyarar Ɗalibai Zuwa Makarantar Namun Daji ta Garwa da Fa'idarta ga Nazarin Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

An kafa Makarantar Namun Daji ta Garwa, a arewacin Kamaru, a shekarar 1970 domin horar da masu kula da gandun daji na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kamar yadda takwararta ta Mweka a Tanzaniya ta fara tun 1963 ga masu amfani da Ingilishi. Bisa al'ada, ɗaliban kimiyyar dabbobi ake tsara wa ziyara zuwa irin wannan wuri. Wannan maƙala tana ganin ɗalibin harshe ma yana da rabo a tafiyar, musamman da yake kogin Binuwai ɗaya ne ya ratsa Garwa da Yola, kuma akwai Hausawa mazauna garin.

2.0 Suna da Mai Suna

Ƙamusun Bargery (1934) ya tattara sunayen namun daji da dama waɗanda yau suka zauna a karin magana da kirari kawai. Ɗalibi zai iya yi wa gwarzo kirari da “gwanki sha bara”, amma ya kasa bambance gwanki da kanki. A gandun dajin Binuwai, kudu da Garwa, ido ne zai raba gardama: gwanki ƙato ne mai dogayen kunnuwa da zanen baƙi da fari a fuska, ƙahoninsa sun tanƙwara baya, kanki kuwa doguwar fuska gare shi, bayansa ya gangara. Mariya ja ce, namijin kaɗai ke da ƙaho. Gwambaza, mai kaushin gashi, ba ya nisa da ruwa. Da yawa daga Hausawan birni duk “barewa” suke kiransu, wanda kuwa tauye ma'ana ne.

Akwai kuma sauyin ma'ana da fassara ta haddasa. Kyarkeci asalinsa karen daji ne mai dabbare-dabbare, mai farauta a garke, amma mafassara suka ara wa dabbar Turai sunan har na asalin ya shige duhu.

Lamarin karkanda ya fi tayar da hankali. Arewacin Kamaru ne mafakar ƙarshe ta baƙar karkandar yammacin Afirka. Binciken 2006 bai samu ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana ta ƙare. Don haka wajibi ne masu tsara ziyarar su haɗa ɗalibai da tsofaffin maharba da masu gadin daji, a ɗauki sunan kowace dabba da Hausa da Fulatanci a gefen sunanta na kimiyya, tare da karin sautinsa.