Dalilin da ya sa likitocin tiyata masu neman ƙwarewa ke zagaya sassan asibiti

Mazauna Fadaman Mada da sauran unguwannin birnin Bauchi da ke kai marasa lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa kan lura cewa matashin likitan da ya duba majinyaci kafin tiyata ba lallai ne a same shi ba idan aka koma bayan wata uku. Wasu kan ɗauki hakan a matsayin sakaci. Galibi dai sauyin ya samo asali ne daga tsarin horaswa, wanda ya wajabta wa mai neman ƙwarewa ya zagaya sassa daban-daban.

Asibitin, wanda ya zama na koyarwa a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya a 2010, yana bin ƙa'idojin kwalejoji biyu ne: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Su ne ke tsara manhaja da shirya jarrabawa.

Likita kan shiga shirin ne bayan karatun shekara shida a jami'a, da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, da hidimar ƙasa, da kuma cin jarrabawar share fage. A matakin farko, wanda kan ɗauki shekara biyu zuwa uku, yakan yi wata uku zuwa shida a kowane sashe. Sassan sun haɗa da tiyata ta gama-gari, da ƙashi, da mafitsara, da tiyatar yara, da ƙwaƙwalwa, da ƙirji, da ƙuna, da sashen gaggawa.

Kowane aiki da ya yi ko ya taimaka aka yi, sai ya rubuta shi a littafi na musamman, babban likita ya sa hannu. In littafin bai cika ba, ba za a bar shi ya zauna jarrabawa ba. Sai ya ci wannan jarrabawa ne yake hawa mataki na biyu, inda zai tsaya a fanni guda, ya kuma gabatar da kundin bincike.

Tushen wannan tsari na ɗora wa likita nauyi mataki-mataki yana komawa ga William Halsted na Asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19. A Najeriya kuwa, amfanin zagayen a bayyane yake. Likitan da ya tsinci kansa a babban asibiti na wani gari mai nisa zai iya karɓar wanda ya yi haɗarin mota, da yaron da taifot ya huda wa hanji, da dattijon da fitsari ya toshe masa, duk a dare ɗaya. Wanda bai ratsa sassan nan ba, zai rasa ta inda zai fara.

Sai dai ba kowane asibiti ne ke da dukkan sassan ba. Kwalejojin kan tura tawaga ta duba yawan manyan likitoci da gadaje da kayan aiki kafin su amince da sashe. Inda ba a samu amincewar ba, dole likita ya tafi wani asibiti ya cika watanninsa. Cibiyoyin da suka daɗe suna horaswa a Arewa sun haɗa da Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, duka a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Jos.

Irin wannan tafiya kan rage hannu a asibitin da aka baro, ta kuma ɗora wa likita kuɗin masauki. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta tanadi yadda gwamnati za ta ɗauki nauyin horon, amma jinkirin biyan kuɗin ya sha shiga cikin dalilan yajin aikin ƙungiyar likitocin ta ƙasa.

Ga majinyaci, alhakin kula da shi yana wuyan babban likitan sashen ne, wanda ba ya cikin masu zagayawa. Don haka yana da kyau iyali su san sunansa da ranar da yake ganin marasa lafiya, su kuma adana katin asibiti da takardun gwaji, domin sabon likita ya ɗora daga inda na baya ya tsaya.