DAGA INA ISKA TA TASO? KALMOMIN SHIYYA A BAKIN KOGIN KWARA

Darasinmu na yau a bakin ruwa yake, can Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya ta wajen Lolo, dab da iyakar Benin.

Bari in fara da tambaya. In ka ji matuƙin kwalekwale ya ce "iskar gabas ce", gabas iskar za ta, ko daga gabas ta fito?

Daga gabas ta fito. Iska da mafitarta ake kiranta, ba da inda ta dosa ba. To amma in aka ce "jirgin Yawuri", yawanci wanda zai tafi Yawuri ake nufi. Ka ga ginin jimla iri ɗaya ne, suna da mahaɗi da wani suna, amma ɗaya ya nuna mafita, ɗaya ya nuna madosa. Mahaɗin nan (-n ko -r) ɗaure kalmomi biyu kawai yake yi, bai faɗa maka alkibla ba. Shi ya sa in kana rubutu kuma kana tsoron ruɗani, sa "daga" ko "zuwa" ka huta: iska ta taso daga gabas. Ka lura kuma da "ta", domin a daidaitacciyar Hausa iska mace ce.

Iska biyu ke juya shekara a wannan yanki. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, da hazo. Ta damina daga kudu maso yamma, daga teku, ita ke ɗauke da laima. "Maso" ɗin nan daga "so" yake, wato mai karkata zuwa can. Abin da ke ruɗa ɗalibai shi ne: tun da iskar damina daga kudu maso yamma take, me ya sa manoma da masunta ke duban gabas in suna jiran ruwa? Saboda hadari a ƙasashenmu galibi daga gabas yake tasowa ya yi yamma, da iska mai ƙarfi a gabansa. Wannan iskar ce ke tayar da igiyar ruwa, ita matuƙi ke tsoro.

Nan kuma sai ƙugiya ta shigo. HADARI gizagizan ruwa ne. HAƊARI (ko hatsari) kuwa masifa ce, irin kifewar jirgin da aka yi kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawa suka rasa rayukansu. In ka tura wa ɗan'uwanka saƙo "an yi hadari a Tuga" alhali haɗari kake nufi, zai ɗauka ruwan sama kake ba shi labari. Haka GABA da GAƁA. Gaban jirgi daban, gaɓar kogi daban. Gaɓar kogi ma ana jan wasalinta na farko, ba kamar gaɓar kalma da muke yi a aji ba.

Sai dama da hagu (wasu kan ce hagun ko hauni). A cikin kwalekwale wani yana fuskantar gaba, wani ya juya baya yana hira, damar wannan ita ce hagun wancan. Matuƙan manyan jiragen teku sun warware wannan da ƙa'ida ɗaya: dama da hagu na jirgi ne, ana lissafa su in ka fuskanci gabansa, ko wane ne ke magana. Da dare ma fitila ja ake kunnawa a hagu, koriya a dama. Mu kuma mahaɗi ya isar mana: ka ce "damar jirgi", kada ka tsaya a "dama" kawai. In an yi lodi, aka ce a matsa dama, rabin fasinjoji suka yi nan rabi suka yi can, ko duk suka taru gefen da bai kamata ba, ba sai na faɗa maka abin da zai biyo baya ba.

Kogi ma yana da dama da hagu, kuma ana lissafa su ne in ka fuskanci inda ruwa ke gangarawa. Da wannan ma'auni, Gaya ta Nijar tana gaɓar hagu, Malanbil ta Benin da Illo suna gaɓar dama. Mutanen gari dai ba su cika faɗin haka ba, "tsallake" ko "ƙetare" suke cewa, kuma tsallaken kowa ya danganta da inda yake tsaye.

Inda Hausa ta burge ni a nan shi ne aikatau. Dubi waɗannan:

ya gangara / ya gangaro
ya haura / ya hauro
ya tsallaka / ya tsallako

Wasalin -o na ƙarshe yana nuna motsi zuwa wajen mai magana. Jirgi ɗaya ya bar Lolo ya bi ruwa: wanda ke Lolo zai ce "ya gangara", wanda ke jira a Tuga zai ce "ya gangaro". Duk gaskiya suka faɗa. Harafi ɗaya ya gaya maka inda mai magana yake ba tare da ya ambaci gari ba. "Taso" da muka yi ta faɗa tun ɗazu ma haka take, daga "tashi". Hadari ya taso na nufin ya doso mu.

Ƙari ɗaya ga masu son karin harshe: a Hausar yamma, ta Sakkwato da Kabi, za ka iya jin dattijo ya ce "gusum" a maimakon kudu. In ya ce maka iska ta juyo daga gusum, kada ka gyara masa.