Kada Ki Hana 'Yarki Wasan Ƙasa

Uwargida, 'yarki ta haddace tudu da kwari da tsibiri a makaranta, amma ta san su kuwa?

Ga dabara. Ku sami yumɓu da yashi a tsakar gida, ku gina dutse kamar Dala na Kano. Ku ja kwari biyu da tsinke su gamu, yadda Kwara da Binuwai suka gamu a Lakwaja. Sa'an nan ta tsiyaya ruwa da buta daga bisa. Za ta ga ruwa yana bin gangare, yana kwasar yashi. Tudun da ya kewaye, shi ne tsibiri.

Daga nan ta gane abin da ke rushe gidan da aka gina bisa hanyar ruwa da damina. In zane ya ɓaci, ai sabulu na nan.